Baƙo ya zo Kano ya ga me, siminti?

Ranar Asabar na zaga cikin birni da wani abokina da ya zo daga Agadez. Mun fara da marinar Ƙofar Mata, muka leƙa Gidan Makama, muka ratsa Kurmi, la'asar ta same mu a kan Dala. Sai da muna saukowa ya ce, "To Malam, ina badalar da ake ta faɗa?" Wallahi kunya ta kama ni.

Na kai shi inda ta ɗan rage, ta wajen titin BUK. Tudun ƙasa ne da ruwa ya zaizaye, gefe bola, gefe kanikawa, can gaba kuma an tsaga ta an fitar da fuloti. Wannan fa ita ce ganuwar da Sarki Gijimasu ya aza harsashinta shekara ɗari tara da suka wuce, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta. Turawan da suka zo da bindiga a 1903 ma sun yi mamakin girmanta. Abin da igwa ba ta yi mata ba, mu mun yi da shebur da takardar fili.

Tun 2007 ganuwar take cikin jerin wuraren da ke jiran UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da al'adu, ta saka su cikin kayan tarihin duniya, har yau jira take. Su kuwa mutanen Agadez a 2013 aka saka tsohon birninsu cikin kayan tarihin duniya. Abokina bai yi mini gori ba, bayani kawai ya yi. Hasumiyar masallacinsu mai mita 27 ta ƙasa ce, kuma itatuwan nan da ke leƙowa daga jikinta ba don ado kaɗai aka sa su ba, a kansu magina ke takawa su yi yaɓe. Ginin ƙasa haka yake, kamar jariri: in damina ta wuce ba a taɓa shi ba, damina mai zuwa za ta fara cinsa. Mun ga abin da ya faru da masallacin Juma'a na Zariya a 2023, ginin shahararren maginin nan Babban Gwani, ya rufta kan masallata. Bayan shekara guda tsohon masallacin Damagaram ma ya bi.

Nan ne nake samun saɓani da masu cewa a haɓaka yawon buɗe ido. Da an ce gyara, sai a rushe ƙofar ganuwa a zuba bulo, a shafa fenti ruwan ƙasa, a zana dagi a sama. Mota ta samu hanya, na yarda, titi ya matse kuma gari ya cika. Amma wanda ya taso daga Legas ko Faransa yana da siminti a garinsu. Hawan sallah ya shiga kundin UNESCO a 2024, mun yi murna, to baƙin da za su zo kallon dawaki washegari ina za a kai su?

Kuɗin fentin ƙofa ɗaya da an ba tsofaffin magina, da sun koya wa yara kwaɓa ƙasa da makuba da yin tubali. Akwai wani dattijo a unguwarmu da ya iya ɗaura bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe rufin soro, da azara, babu ƙarfe ko ɗaya. Yanzu bulo yake jerawa a sababbin unguwanni, 'ya'yansa kuma adaidaita sahu suke ja.