Gyaran bakin teku daga nan Yamai yake farawa

Madalla da labarin nan na dasa itatuwa a gaɓar Neja Delta don kifi da tsuntsaye su dawo. Aikin ba na yau da gobe ba ne, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce tsabtace ƙasar Ogoni da ke yankin daga malalar mai zai iya cin shekara 30.

Amma 'yan uwa, ruwan nan da ke isa Neja Delta ta gabanmu yake wucewa. Ku tsaya kan gadar Kennedy da rani ku gani: yashi ya cike kogin Isa, wato kogin Neja, leda na yawo, kwatocin gari ciki suke zuba. Masunta na kukan giwan ruwa ya yi wuya. Hukumar ABN ta kula da kogin Neja mai ƙasashe 9 a Yamai take zaune, don Allah ta haɗa gyaran nan da na can.