Ashe wadda ta duba ni ba likita ba ce

Sai da ta ce in ɗan jira za ta je likita ya sa hannu a takardar magani, sannan na ce a raina to ke wace ce? Ga abin sauraren ƙirji a wuyanta, ga ofis nata ita kaɗai, ta matsa min ƙafa ta yi tambayoyi kusan minti goma. Sha-raɓata ce ta kumbura kwana uku. A nan Ingila ba ka tashi kawai ka tafi asibiti, kowa yana da ƙaramin asibitin unguwa da ya yi rajista, ƙarfe takwas daidai za ka buga waya, kiɗa na ta tashi a kunnenka ana ce maka kai ne na sha bakwai a layi, in ka kai sai mai amsa waya ta ji abin da ke damunka ta zaɓa maka wanda za ka gani, ko mai haɗa magani ko mai gyaran gaɓoɓi ko irin wannan baiwar Allah da suke kira abokiyar aikin likita. Karatun shekara 2 suke yi bayan digirin farko, ba su da ikon rubuta magani, ba su da ikon tura ka hoton ƙashi.

Nawa dai tsoka ce ta gurɗe, Alhamdulillahi. Amma da na ba da labari a wajen aiki wani Bature ya yi dariya ya ce ai a ƙasarku ko wannan ba za ka samu ba. Wallahi maganar ta tsaya min a wuya, ita ta sa na zauna na bi batun.

Ashe su kansu rigima suke yi a kai. A 2022 wata mai shekara 30 ta rasu a Landan, jini ya daskare a ƙafarta ya tafi huhu, sau biyu tana zuwa asibitin unguwa tana zaton likita take gani, ashe cikin abokan aikin likitan nan ne. Ciwon sha-raɓa ne ya kai ta fa, irin nawa. Gwamnati kuwa a 2023 ta riga ta tsara sai abokan aikin likita sun kai 10,000. Sai ƙarshen 2024 ministan lafiya Wes Streeting ya ɗora wa Farfesa Gillian Leng aikin bincikawa ko tsarin yana da aminci, a Yulin 2025 ta fito ta ce hujjojin da ke ƙasa kaɗan ne kuma masu rauni, ba su isa a ce e ko a'a ba. Ta ce a sauya musu suna su koma mataimakan likita, a ba su kaya da baji daban don mara lafiya ya gane, su yi shekara 2 a babban asibiti kafin a kai su na unguwa, kuma a daina tura musu wanda ba a san ciwonsa ba tukuna.

Wato an ɗebi mutane aiki, an sa su gaban marasa lafiya shekara da shekaru, sannan aka dawo ana neman hujja. To ina bambancinsu da mu? Mu ma tun 2014 Najeriya ta fitar da tsarin sauke wasu ayyukan likita a kan ma'aikatan lafiya na matakin farko, kuma mu dole ce ta sa, ba tsimin kuɗi ba. Gaskiya ɗaya zan ba su, su in mutum ya mutu ana zama a tambaya, a rubuta, a kirga. Mu kwana ya ƙare ne, a yi addu'ar uku a watse. Wannan kam sun fi mu, ban musa ba.

Amma malamin asibitin garinmu bai taɓa ruɗa kowa ba. Muna ce masa likita, kowa kuma ya san makarantar koyon aikin lafiya ya yi, ya san inda iyakarsa take, in abu ya fi ƙarfinsa da kansa zai ce a nemo mota a tafi janar, wani lokacin ma ya shiga motar. Shekara ashirin yana auna hawan jinin Inna. Ya san tana ɓoye maganin in azumi ya zo, ya san ba ta faɗin ciwo sai an zolaye ta tukuna. Wane bincike ne zai kirga wannan? Ni a nan shekara shida ban taɓa ganin mutum ɗaya sau biyu ba, kullum daga farko nake faro labarina.

Daren jiya na kira shi a WhatsApp kan ƙafar Inna da ita ma ta fara kumburi. Ya ce Alhaji kwantar da hankalinka, na leƙa ta bayan la'asar, gobe zan sa ƙaninka ya kai ta a yi gwajin ƙoda. Na tura kuɗin motar, na kwanta, barci bai zo ba sai wajen asuba.