Ba na'ura ce ta tsayar da Ebola a Legas ba

A majalisun 'yan Arewa a Agege da Idi-Araba, in zancen Ebola ta 2014 ya taso, sai ka ji ana cewa ai manyan na'urorin Turawa ne suka cece mu. Abin ba haka yake ba.

Wani matafiyi mai suna Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya ɗauke da cutar ranar 20 ga Yuli, aka kai shi asibitin First Consultants da ke Obalende. Dakta Stella Adadevoh ta ƙi sallamarsa duk da matsin lambar da aka yi mata, ita kuma cutar ta kashe ta a watan Agusta. Daga nan aka kafa cibiyar gaggawa irin wadda ake yaƙar shan-inna da ita, Dakta Faisal Shuaib ya jagorance ta. Umarni daga waje guda yake fitowa, kowa ya san aikinsa.

Fasahar da ta yi tasiri ƙarama ce. Ma'aikaci zai buga ƙofar wanda ya yi hulɗa da mai cutar, ya auna zafin jikinsa, ya shigar a wayar hannu, nan take cibiya ta gani. Kullum haka, har kwana 21, ga mutum kusan 900. A daidai lokacin kuma wayar ce ta yaɗa ƙaryar wanka da ruwan gishiri.

Mutum 20 suka kamu a faɗin Najeriya, 8 suka rasu. Ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Najeriya ta rabu da cutar.