Ina Cliff Burton a wannan tarihi?

Wani labari da na karanta kan tarihin Metallica, ƙungiyar mawaƙan heavy metal ta Amurka, ya ce albam ɗinsu na 1991 mai baƙin bango shi ya haife ta. Haba! Ya dai kai su gidajen rediyo, amma tun 1981 Lars Ulrich da James Hetfield suka kafa ƙungiyar a Los Angeles. Abin da ya fi ci min rai, ko sau ɗaya ba a ambaci Cliff Burton ba, mutumin da saboda shi suka tattara komatsansu suka koma yankin San Francisco a 1983. Da yatsu yake kaɗa jitar bas, har ka rantse ita ke jan waƙar. Ranar 27 ga Satumba 1986 motar bas ɗinsu ta kife a Suwidin, ya rasu yana ɗan shekara 24. Kai kuma mai cewa Dave Mustaine, tsohon mai kaɗa musu jita, ɗan rakiya ne, duba albam ɗinsu na farko, Kill 'Em All, sunansa na kan waƙoƙi huɗu, alhali an kore shi kafin a naɗi albam ɗin. Marubuci, ka ko saurari albam ukun farko, waɗanda Burton ya yi kiɗa a cikinsu, kafin ka ɗauki alƙalami?