Bakin kebul ya zama ɗaya, amma mai saye bai san abin da ke ciki ba

Tun ranar 28 ga Disamban 2024 doka ta wajabta wa duk kamfanin da ke son sayar da sabuwar wayar salula a ƙasashen Tarayyar Turai ya sanya mata bakin caji irin USB-C, kuma kwamfutocin tafi-da-gidanka sun shiga ƙarƙashin dokar daga Afrilun 2026. Ko kamfanin Apple, wanda ya daɗe yana riƙe da nasa bakin mai suna Lightning, ya sauya tun a 2023 da fitowar iPhone 15. Wannan ci gaba ne da ya cancanci yabo, sai dai a ganina an haɗa kan baki ne kawai, aka bar cikin kebul a rarrabe, kuma a nan ne mai saye ke kwana ciki.

Gudun tura bayanai da ake samu ta kebul a yau abin mamaki ne. A 1996 USB na farko bai wuce megabit 12 a daƙiƙa ba, USB 2.0 ya kai 480 a shekarar 2000, sannan USB4 na 2019 ya kai gigabit 40 (gigabit ɗaya megabit 1,000 ne), sabon zubinsa na 2022 kuma ya ninka zuwa 80. Thunderbolt 5, wani ma'auni na kamfanin Intel mai amfani da bakin USB-C, yana iya kai gigabit 120 ta ɓangare guda idan an haɗa shi da manyan allunan kallo.

Matsalar ita ce kebul na USB-C mai gudun megabit 480 irin na shekarar 2000 da mai gigabit 40 suna da baki iri ɗaya, kuma ido ba ya iya bambance su. Mai ɗaukar bidiyon biki da ya dawo da gigabait 100 na hotuna, idan ya jona kebul mai rauni, zai zauna yana kallon allo na rabin awa ko fiye, alhali kebul mai ƙarfi da ma'ajiya mai sauri za su gama aikin cikin kamar minti ɗaya. Sau da yawa kwamfutarsa zai ɗora wa laifi, ya kai ta wurin mai gyara, ba tare da ya taɓa zargin igiyar da ke hannunsa ba. Haka ma wuta: ma'aunin USB na 2021 ya ba da damar kebul ya ɗauki wat 240, amma duk wanda zai wuce wat 60 sai an dasa masa wani ɗan guntun lantarki a cikin bakinsa, wanda ke sanar da caja iyakar ƙarfinsa. Ba a ganin wannan guntu daga waje.

Ƙungiyar USB-IF, wadda ke tsara waɗannan ma'aunai, tana da nata kason laifi, domin ita ce ta sauya wa USB 3.0 suna zuwa USB 3.1 Gen 1, daga baya kuma zuwa USB 3.2 Gen 1, duk gudu ɗaya ne na gigabit 5. Daga baya ta fito da tambari mai nuna gudu da ƙarfin wuta da lambobi ƙarara, amma kamfanin da bai nemi tantancewarta ba babu mai tilasta masa komai.

Wasu za su ce kebul mai cikakken gudu yana da tsada, kuma mai cajin waya kawai ba ya buƙatarsa. Gaskiya ne, ban kuma ce a hana sayar da mai araha ba. Abin da nake nema shi ne a rubuta lambobi biyu a jikin kowane kebul, gudunsa da ƙarfin wutarsa, a jikin bakin kansa inda ba za a yar da su tare da kwali ba. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, SON, tana da hurumin sanya wannan sharaɗi a kan kayan da ake shigowa da su, ta yadda ɗan kasuwa a Farm Centre ta Kano zai iya nuna wa mai saye abin da yake biyan kuɗinsa a kai.