Wai me na tsinta a jirgin ruwa mai taya?

Jama'a tunda na saka hoton jirgin nan mai ƙatuwar jar taya a baya ake ta tsokanata, wani ma cewa ya yi kuɗina kawai na zuba a ruwa tunda awa biyu muka yi muna yawo muka dawo inda muka tashi. To bari in faɗi nawa.

A New Orleans ta Amurka na hau, kan kogin Misisipi. Duk mai jiran ruwa garai-garai irin na hoton talla ya haƙura, ruwan nan duk laka ne, gefe kuma rumbunan ajiya ne da jiragen dakon hatsi da na mai. Ni abin da ya kama ni tayar ce. Na bar masu kiɗa a sama na koma can baya na jingina da ƙarfe, faifan katako na dukan ruwa fat fat fat, feshi na jiƙa min fuska, wallahi sai da na yi kusan rabin awa ban taɓa waya ba, ni da ko a kan abinci sai na leƙa Facebook. Daga nan na sauka ɗakin inji, zafi da warin mai, wani dogon hannun ƙarfe na tafiya yana dawowa a hankali kamar ba shi ke tura jirgin gaba ɗaya ba. Kuɗina a nan ya fita.

Kuma tayar ba don kwalliya aka ƙirƙiro ta ba. Kogin cike yake da tudun yashi da kututture, shi ya sa ake yi wa jirgin shimfiɗaɗɗen gindi, tayar ta tsaya a saman ruwa. Kafin jirgin tururi na farko da ya bi kogin ya baro garin Pittsburgh a 1811 ya iso New Orleans a farkon 1812, mutum sai ya gangaro da kayansa, ya sayar da su har da katakon jirgin, ya koma gida a ƙafa, don hawo ruwan baƙar wahala ce.

Inda nake da ja da masu tallan irin wannan yawo shi ne yadda suke wanke tarihin tas, sai fitilu da kiɗan jaz da mata masu lema. Jiragen nan fa auduga suka yi dako, wadda bayi baƙar fata suka noma, kuma su kansu bayin a ciki ake kai su kasuwa. Ga tukunyar tururi mai fashewa, ta jirgin Sultana kaɗai a 1865 kusa da garin Memphis ta ci rai sama da 1,000. Ina kallon gaɓa abin na raina, bai hana ni jin daɗi ba amma ya rage min hayaniya.

Sai ku kula, da yawa yanzu dizal ne, wasu ma farfela ce ke tura su a ƙasa tayar na juyawa don 'yan hoto, ka tambaya kafin ka yanki tikiti. Belle of Louisville da aka ƙera a 1914 na nan na aiki da tururi a kogin Ohio, ita nake hari nan gaba. Yawon kwana bakwai mai cin dubban daloli kuwa na bar wa masu shi, awa biyun nan ma rigata ba ta bushe ba sai da na koma masauki.