Dodon ruwan da ke yawo a wayoyinmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa.

Akwai wani guntun bidiyo da ke ta zagaya gurup-gurup na WhatsApp a nan Maraɗi. Wata ƙatuwar dabba ce mai dogon wuya ta taso daga ƙasan teku, ta wangale baki ta cafke kifi. An ɗora masa karatun Alƙur'ani, an rubuta a ƙasa wai masunta ne suka ɗauki hotonta makon jiya, kuma wai duk wanda ya tura wa mutum goma zai ga buɗi. Har dattawan da muke jin kunyarsu suna turawa, suna ɗora "Allahu Akbar".

Jama'a, mu ji tsoron Allah. Yanko shi aka yi daga finafinan ilimi da ake shiryawa kan dabbobin da suka rayu a teku tun kafin ɗan Adam. Babu kyamarar da ta taɓa ganinsu da rai. Masana ne ke tono ƙashi su auna, sannan masu kwamfuta su lulluɓa masa nama da fata, su sa shi iyo. Ƙashin gaskiya ne. Kukan da kake ji da yawancin launin, kintace ne na masu fim, kuma su ba su ɓoye hakan ba. Namu ne ya goge bayanin ya rubuta ƙarya, don yana ganin wa'azi yake yi.

Annabi (SAW) ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji, Muslim ne ya ruwaito. To ina ga wanda ya haɗa ƙaryar da ayar Allah, ya kuma yi wa mutane alƙawarin ladan da babu wanda ya ba shi izinin rabawa?

Abin takaicin, gaskiyar ta fi ƙaryar ban tsoro. A 1823 wata 'yar talakawa mai suna Mary Anning ta tono cikakken ƙwarangwal ɗin mai dogon wuyan nan a gaɓar teku a Lyme Regis, Ingila. A Holzmaden ta Jamus an samu wata irin, mai siffar kifi, ta zama dutse da 'ya'ya a cikinta, wani ɗan ma yana bakin fitowa. Ajali ya riske ta da juna biyu, laka ta rufe su, aka adana su har zamaninmu. Da huhu suke numfashi, duk girmansu sai sun taso sama sun shaƙi iska sannan su koma. A lissafin masana, na ƙarshensu sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce.

Kuma ba sai mun je Turai ba. Teku ya taɓa ratsa Sahara, ya malale yankin Tawa har zuwa ƙasar Sakkwato. A wajajen Goronyo, can inda ruwan gulbinmu ke gangarawa bayan ya haɗe da Rima, an tono ƙasusuwan wani mafaraucin teku da aka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972. A dutsen Igdaman, nan cikin Nijar, an samu ɗan'uwansa mai dasassun haƙora na fasa ƙwarya mai tauri. Wurin da yau mata ke kwana a bakin rijiya, a da igiyar ruwa ce ke kaɗawa. Wa ya ciyar da su duk tsawon zamanin nan, babu makiyayi babu rumbu? Suratu Hud, aya ta 6, ta ba da amsa: babu wata dabba a ƙasa face arzikinta yana ga Allah.

Ni ban ga laifin kallon finafinan nan ba, har da yara, in dai ba su hana salla ba. A Suratul Ankabut, aya ta 20, an umarce mu mu yi tafiya a ƙasa mu duba yadda Ya fara halitta, kuma ba kowa ke da kuɗin mota ba. Zauna da yaranka ku kalla, ka nuna musu inda ƙashi ya tsaya, inda zanen kwamfuta ya fara.

Wanda kuwa ya riga ya tura wancan guntun, ya koma gurup ɗin ya goge. Gogewa kaɗai ba ta isa ba, tunda wasu sun gani sun wuce da shi gaba. Ya rubuta musu cewa fim ne, ba masunta ba.